Tabarau ko aikin leza: wanne ya fi sauƙin kuɗi?

Tambaya: Likita, ni malamin makaranta ne a unguwar Birni, Damagaram, shekarata 37. Tun ina ɗalibi ba na hangen allo sai da tabarau, kuma kusan duk shekara 2 sai na sake shi saboda karcewa. An ce akwai aikin leza da ke raba mutum da tabarau gaba ɗaya. In an haɗa lissafi, ba zai fi mini arha ba?

Amsa: Malam, a shekarunka da wuya aikin ya mayar maka da kuɗinsa, kuma dalilin yana cikin idon kansa.

Leza, wato wani haske mai ƙarfi na na'ura, tana sassaƙe fatar nan mai garai-garai da ke gaban baƙin ido, ta gyara lanƙwasarta, sai hangen nesa ya daidaita. Iyakar aikinta ke nan. Amma a can cikin ido akwai wata ƙwaya mai kama da gilashi wadda take fara ƙagewa tsakanin shekara 40 zuwa 45, shi ya sa za ka ga dattijo yana nisanta takarda kafin ya karanta. Leza ba ta hana wannan, ba ta kuma hana yanar ido. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, mai irin larurarka yana da wata riba: in tsufan idon ya zo, sau da yawa cire tabarau kawai zai yi ya duba littattafan yara. In aka yi maka aikin, ribar ta tafi, sai ka sayi tabaran karatu. Wato ƴan shekaru kaɗan za ka huta.

Yanzu ɗauki alƙalami. A ce tabarau na cin maka jika 30 duk shekara 2, misali ne kawai, ka sa naka farashin. A shekara 10 jika 150 ke nan. Aikin kuwa ba kuɗin likita kaɗai ba ne. Ko da Yamai ce, tafiyar kusan kilomita 900 ce, balle ƙasar waje. Ga masauki, ga ɗan rakiya, ga maganin ɗigawa, ga komawa a duba ka washegari da kuma bayan makonni. Wani ma sai an sake taɓa idon. Bushewar ido kuma ta zama ruwan dare a watannin farko, ka san yadda hunturunmu yake da ƙura.

Da ɗan shekara 25 ne ya tambaye ni, wanda lambar tabaransa, wato ƙarfin gilashin, ta tsaya cik aƙalla shekara guda, da amsar ta bambanta, don yana da kusan shekara 20 a gabansa. Shi ma sai an auna kaurin fatar nan ta gaban baƙin ido tukuna, don mai sirirriya ba a yi masa.

Kai dai rage ɓarnar. Ƙurar da ke kan gilashi yashi ne, in ka goge da bakin riga a bushe kai ne kake karce shi. Ka fara ɗauraye shi da ruwa da ɗan sabulu, ka sa shi a gidansa, kada ka bar shi a rana cikin mota lokacin bazara. In ƙarfen bai lalace ba, gilasan kawai za a canja. Kuma da zarar ka kai 40, je sashen ido na babban asibitin Damagaram a auna maka hawan jinin ido, don shi ba ya ciwo kafin ya ci gani.