An sake ni bayan an kama ni da ƙwaya, maganar ta wuce ke nan?

Ɗan'uwa, ka ce 'yan sanda sun tare ka a shingen bincike, suka samu tramadol a aljihunka, suka karɓa, suka rubuta sunanka suka sallame ka, yanzu wata uku shiru. Gaskiya kada ka saki jiki. A Najeriya laifin mallakar miyagun ƙwayoyi ba shi da wa'adin da in ya wuce ba za a gurfanar da mutum ba.

Jinkirin yana da dalili. Sau da yawa 'yan sanda kan miƙa irin wannan ga NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, kuma sai an kai ƙwayar ɗakin gwaji an tabbatar da ita kafin a shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya. Sa'o'i 24 zuwa 48 na kai mutum kotu da sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada na wanda ke tsare ne, kai kuwa kana waje.

Don Allah nemi lauya tun yanzu, ko ka je ofishin Legal Aid, masu ba marasa ƙarfi lauya kyauta, idan babu hali. Takardar likita da ya rubuta maka maganin in kana da ita, adana ta. In an kira ka, ka je da lauya, kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba.