Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan panto

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce maƙwabciyarki ta kawo muku tikitin panto, wasan kwaikwayon barkwanci da ake yi a lokacin Kirsimeti, na ƙungiyar unguwarku, kuma da yake a zauren coci za a yi, kina tsoron ko ibada ce. Kwantar da hankalinki. Mun daɗe a arewacin Ingila, kusan duk hunturu muna kai yara.

Ba wa'azi a ciki, ba labarin haihuwar Annabi Isa (AS), wancan wasan makarantu ne daban. Hayar zauren kawai suka yi. Tatsuniya ce ake ɗauka, Cinderella ko Aladdin ko labarin yaro Jack da itacen wake, a cika ta da waƙa da shaƙiyanci. Mafi kusa da shi a wajenmu tashe ne.

Abin da zai fara ba ki mamaki shi ne ihu. Turawan nan da ba sa ɗaga murya a bas, a nan sai kin toshe kunne. Mugu yana shigowa kowa ya yi masa ature. Dodo ya laɓe bayan jarumi, yara su miƙe suna "yana bayanka!" shi kuwa ya juya ta ɗaya gefen da gangan. Kada ki ce wa yaranki su yi shiru, don ihun aka je.

Sai dai ki san wannan tun daga gida: uwar jarumin namiji ne ke fitowa a matsayinta, da ƙaton gashin kanti da jambaki har kunne, bai ko ɓoye muryarsa ba. Tsohuwar al'adarsu ce, tun ƙarni na 19. Ni nakan gaya wa yara tun a mota, don kada tambayar ta taso a tsakiyar jama'a. Namijin nan ne kuma mai sakin maganganu masu harshen damo. Ƙanana ba sa ganewa, amma mai shekara 12 zai kalle ki ta gefen ido. Idan wannan bai kwanta miki ba, uzurinki karɓaɓɓe ne.

Ni na fi son na 'yan unguwa a kan na manyan gidajen wasa, ba don arha kaɗai ba. Sarkin da muka gani bara mai kawo mana wasiƙa ne, gemunsa na roba ya zame yana tsakiyar magana, ya ɗauka ya manna ya ci gaba. Mutum biyun da suka shiga riga ɗaya a matsayin saniya kuwa kowa da inda ya nufa.

Alewar da suke jefa wa yara ki duba, wasu da gelatin na alade. Lokacin hutun rabin wasa akan sayar da shayi, wani wurin har da giya, sai tikitin caca na tara kuɗi, ki ce a'a ba wanda zai damu. Kuma ki hana Baban yara zama a layin gaba, maza 'yan wasan suke zaɓa su yi ta tsokana har a tashi.