Gaɓoɓin yatsuna sun yi baƙi, wai dattin jini ne?

Tambaya: Likita, daga Maradi nake. Gaɓoɓin yatsuna sun yi baƙi, bayan hannu kuma dabbare-dabbare, har kunyar miƙa hannu nake a gidan biki. Mai shagon da nake sayen man shafawa ya ce dattin jini ne, in haɗa da tub mai ƙarfi. Wasu kuma na cewa kuturta. Hankalina ya tashi.

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki. Tabon kuturta ya fi sauran fata haske, in an goga auduga a wurin ba ki ji, maganinta kuma kyauta ne. Fari fat kamar nono albaras ne, ba a ɗaukarsa daga wani. Baƙin gaɓoɓi kan zo daga ƙarancin bitamin B12, ko ciwon suga, ko baƙin lalle mai sinadarin PPD. Biyun farko awon jini zai nuna.

Amma tunda kin ambaci mai, a nan zan tsaya. Kullum sai an shigo mana da hannu irin naki, kuma labarin ɗaya ne: "an ce in ƙara mai ƙarfi." Wa ya ce? Mutumin da ribarsa ke cikin tub ɗin! Fatar gaɓa tana da kauri da lanƙwasa, ba ta washewa daidai da sauran jiki, shi ya sa take fita baƙa. Ƙarin mai ba ya gyara wannan. Haidrokwinon, sinadarin sa hasken fata da ke cikin mayukan bilicin, in ya daɗe a jiki, shi da kansa yake haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ke da wuyar fita. Tub ɗin nan kuwa galibi kulobetasol ne, magani mai ƙarfin gaske da muke rubutawa na ɗan lokaci. Yana sirantar da fata har jijiyoyi su fito, ya kawo nankarwa, ya ɓoye makero, ya iya tayar da suga da hawan jini. Man da ke ɗauke da sinadarin makuri, wato zaiba, kuma ƙoda yake ci. Kwaddebuwa ta haramta irin mayukan nan tun 2015, mu kuwa ga su a kan tebur, rana na dukansu, yaro ma zai saya. Dattin jini kuma, wallahi babu awon da ya taɓa nuna shi.

In kin daɗe kina shafa tub, kada ki yanke lokaci guda, fatar za ta yi bore. Likita zai rage miki a hankali. Ki tattaro duk mayukan da kwalayensu a leda, har wanda aka haɗa miki a roba, ki taho da su asibiti.