Jini ne ko tarbiyya? Amsa daga Zangon Kumasi

Malam, ka tambaya ko mu Hausawan Gana har yanzu muna da halin Hausa, ko kuwa dogon zama cikin wasu ƙabilu ya wanke mu. Ka ce kai dai ka yarda barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To, bari ka ji yadda abin yake a wajenmu.

Fataucin goro ne ya kawo kakanninmu Salaga, wani gari a arewacin Gana. Da yaƙin basasa ya tarwatsa garin a 1892, sai suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Akra. Amma ba su kaɗai ne a Zango, wato unguwar baƙi, ba. Akwai Mosawa, Dagombawa, Wangarawa, Kotokoli, Zabarmawa, kuma yau jikokinsu da yawa da Hausa suka buɗe baki. Za ka ga yaron da ba shi da ko ɗigon jinin Kano ya durƙusa ya gai da babba, bai ɗaga ido ba, ya kawo wa baƙo ruwa tun ba a ce masa ba. Ka kuma ga jikan Bakatsine tsantsa da aka raina a wajen Zango, ko gaisuwa ba ya iya mayarwa da Hausa. Shi ya sa ni a ganina kunya da kara da karɓar baƙo, waɗanda kake kira halin Bahaushe, koyonsu ake yi.

Kuma gida ke koyarwa. Gidajenmu manya ne, iyalai da dama a tsakar gida guda. Ɗa na kowa ne, duk uwar da ta ga yaro ya karkace za ta tsawata masa. Riƙo ma yana nan, goggo ta ɗauki 'yar ɗan'uwanta har ta aurar da ita.

Ba wai ina ƙaryata gado ba. 'Ya'ya biyu ciki ɗaya, makaranta ɗaya, wannan mai zafin zuciya, wancan mai sanyi tun yana goye. A 1979 masana a jami'ar Minnesota ta Amurka suka fara bin diddigin tagwayen da aka raba tun suna ƙanana, suka tarar halayensu na kama da juna sosai duk da ba gida ɗaya suka tashi ba. Wani babban nazari na 2015, wanda ya haɗa binciken tagwaye na shekara 50, ya nuna kusan rabin bambancin da ke tsakanin mutane daga gado yake.

Inda abin ke yi min ciwo shi ne batun cin nasara. An daɗe ana cewa 'yan Zango haka Allah Ya yi su, sai rigima da gadi da dako. Wallahi ba haka ba ne. Iyayenmu sun guji boko ne don yawancin makarantun na 'yan mishan ne, suna tsoron a raba 'ya'yansu da addini. Ba na ganin laifinsu, amma mun biya farashi mai tsada. Yara masu kaifin ƙwaƙwalwa, masu haddace izu sittin, sun girma ba takardar da za ta kai su ofis. Da gwamnati ta kafa sashen ilimin Musulunci a 1987, aka haɗa Arabiyya da boko a makaranta guda, sai ga likitoci da lauyoyi daga gidajen da aka ce ba sa haifar mai karatu.

Dubi ɗan ƙwallon nan Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima ta Akra. Ƙafar tasa baiwa ce, ba wanda ya koya masa ita. Amma makarantar ƙwallo ta Right to Dream ce ta ɗauke shi ta horar da shi, har ya kai ƙungiyar Ajax ta Holan a 2020. Yara nawa ne a lungunan Nima masu irin ƙafarsa da ba wanda ya tsaya ya kalle su?

Yanzu a gidaje da yawa tsarin shi ne boko Litinin zuwa Juma'a, makarantar malam Asabar da Lahadi, kuma ba a yarda yaro ya ajiye ko ɗaya ba.