Wurin Da Sinawa Ke Dannawa A Hannu: Tambayoyinku Da Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, yayana da ke zuwa Guangzhou sarin kaya ya ce Sinawa na danna wani wuri a hannu idan kai na ciwo. Ina wurin yake, kuma yana aiki?

Amsa: Malam, yayanka ya faɗi gaskiya. Sunan wurin Hegu, a littattafansu kuma LI4. Yana bayan hannu, tsakanin babban yatsa da manuniya. Haɗe yatsun biyu, za ka ga tsoka ta yi tudu, to tsakiyar tudun nan ne. Ka danna da babban yatsan ɗaya hannun kana murzawa a hankali kamar minti 2 ko 3, sannan ka sauya hannu. Ɗan tsami za ka ji; in ya kai ga zafi, ka yi yawa.

Masu maganin gargajiyar Sin sun ce akwai hanyoyi a jiki da wani ƙarfi mai suna qi ke bi, kuma Hegu na kan hanyar babban hanji, wadda ta taso daga kan manuniya ta ƙare a gefen hanci. Shi ya sa suke haɗa shi da ciwon kai da haƙori da fuska. Tsohon ilimi ne, har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa maganinsu na tsira siraran allurai a irin waɗannan wurare cikin kayan gadon ɗan Adam a 2010. Sai dai mu da muka karanci ƙirar jiki, tsoka da jijiyoyi muke gani a wurin, ba mu ga wannan hanya ba. Ga ciwon kan gajiya ko rashin barci, wasu na samun sauƙi, kuma ban hana ba tunda ba ya cin ko kwabo. Amma ciwon kai da zazzaɓi, a yi gwajin maleriya. In wuya ya sanƙare, musamman lokacin zafi, sanƙarau muke tsoro, asibiti a ranar.

Tambaya: Ina da ciki wata bakwai, kaina na yawan sarawa. In gwada?

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Su kansu Sinawan sun hana mai ciki taɓa Hegu, don suna ganin yana tayar da naƙuda. Abin da ya fi damuna ma ciwon kan ne. A watannin nan yana iya zama alamar hawan jinin masu ciki, wanda kan kai ga jijjiga. Ki je a auna jininki da fitsarinki, kada ki jira ranar awo. In kina ganin dishi-dishi ko fuska ta kumbura, yanzu ma za ki tashi.

Tambaya: Ɗiyata ba ta shiga mota sai ta yi amai. Wurin nan zai taimaka?

Amsa: Hajiya, na tashin zuciya daban ne, sunansa Neiguan ko PC6. Yana cikin hannu ta gefen tafi: ki jera yatsunta uku daga layin wuyan hannu zuwa wajen gwiwar hannu, sai ki danna tsakanin jijiyoyi biyun da ke nan. Wannan ya fi Hegu samun goyon bayan bincike, musamman ga tashin zuciya bayan tiyata. Ki haɗa da zaunar da ita kusa da taga, ta riƙa kallon nesa, ta ajiye waya.

Tambaya: Haƙorina ya yi rami, dannawar za ta warkar da shi?

Amsa: Ba za ta warkar ba, ɗana. Ƙila ta rage maka raɗaɗi kafin gari ya waye, amma ramin sai likitan haƙori ya cike shi ko ya cire haƙorin. In kunci ya kumbura ko baki ya ƙi buɗuwa sosai, ƙurji ne ya taru, ka tafi yau.