Amsoshin Tambayoyinku: Yini Guda Tsakanin Akra, Cape Coast da Elmina

Yawancin wasiƙun da suka iso a wannan makon sun taru ne a kan tafiyar yini guda daga Akra, babban birnin Gana, zuwa garuruwan bakin teku da ke yammacinta, wato Winneba da Cape Coast da Elmina, wadda kamfanonin yawon buɗe ido suke ta tallatawa a WhatsApp da Facebook. Na taƙaita tambayoyin domin amsoshin su samu wuri.

Wani Alhaji ɗan kasuwa daga Kano, wanda ya sauka a unguwar Nima ta Akra kuma yini ɗaya kawai ya rage masa kafin ya koma gida, ya ce an kawo masa tayi biyu. Na farko ya haɗa Winneba da Apam da Mankessim da Anomabu da Jami'ar Cape Coast da dajin Kakum da tsofaffin sansanonin Turawa na Cape Coast da Elmina, kuma shi ne mai araha. Na biyu sansanonin nan biyu ne kawai da abincin rana, amma ya fi tsada. Yana tambaya wanne zai ɗauka.

Alhaji, ka ɗauki na biyun, kuma lissafin hanya kaɗai ya isa ya nuna maka dalili. Tsakanin Akra da Cape Coast akwai tafiyar kusan kilomita 150, wadda take cin awa uku a ranar da aka yi sa'a, a ranar da cunkoson motoci na unguwar Malam da garin Kasoa ya riƙe ku kuwa sai ta haura huɗu. Idan kun tashi ƙarfe shida na safe kuna son komawa masauki kafin dare ya yi nisa, to kusan awa bakwai na yinin a cikin mota za su ƙare. Kakum yana arewacin Cape Coast da kimanin kilomita 30, saboda haka zuwa da dawowa da bin layi da hawan tudu za su cinye awa uku. Kowane sansani yana bukatar fiye da awa guda idan har za a saurari ɗan jagora a kuma leƙa ɗakin kayan tarihi, ga abinci, ga salla, ga kuma rana da take faɗuwa wajen ƙarfe shida duk tsawon shekara. Ina son wanda ya rubuta waccan doguwar takarda ya gaya mana a wace awa zai saka sauran garuruwa huɗun da jami'ar.

Ba zai saka su ko'ina ba, domin ta tagar mota za a nuna maka su. Babbar hanya ba ta shiga cikin garin Winneba, ta shataletalen da ke bakin gari take wucewa, alhali bakin tekun da tsohon garin da harabobin Jami'ar Ilimi suna can kudu da tazarar kilomitoci. Abin da za a kira ziyarar Winneba shi ne direba ya rage gudu, ɗan jagora ya nuna hagu da yatsa, ya ambaci Aboakyer, bikin gargajiya na garin, a wuce. Haka za a yi maka a Apam, haka a Anomabu, a jami'ar kuma a shiga ta wannan ƙofa a fita ta waccan ba tare da kowa ya sauka ba. Daga nan sai a isa Elmina da la'asar sakaliya, jiki ya mutu, ana kiran mutane su yi sauri saboda hanya.

A nan ne nake son in ɗan tsaya, domin wannan ɗabi'a ta sayen yawan sunaye a takarda ta daɗe tana damuna, kuma mu ne muke ba ta kasuwa. Mutumin da ba zai sayi yadi biyar na shadda ba sai ya ɗaga ta a rana, ya murza ta, ya tambayi shago uku, shi ne zai tura kafin alƙalami ta waya ga wanda bai taɓa gani ba, don kawai ya ga hotuna masu kyau da jerin wurare takwas. Masu tallan sun gane cewa mun fi son mu koma gida mu ce mun je wuri kaza da kaza a kan mu tsaya mu ga wuri guda da kyau, shi ya sa suke tsawaita jerin suna rage farashin, sannan su fanshe a hanya. Sai an isa ƙofar sansani ake gaya maka cewa kuɗin shiga ba ya cikin abin da ka biya, kuma da yake kai ba ɗan ƙasa ba ne naka ya fi na abokin zamanka, domin farashin ɗan Gana daban, na baƙo daban. Sai an zauna cin abinci ake cewa kowa ya ji da kansa. Motar da aka nuna maka a hoto mai na'urar sanyi takan rikiɗe ta zama tsohuwar bas da aka cusa wa ƙarin kujera. Araha ba ta ado, kuma idan ka tara waɗannan ƙananan kuɗaɗe za ka tarar ka biya abin da ya kai na kamfani na biyu, ka kuma yi asarar yinin da ba ka da wani.

Saboda haka kafin sidi ɗaya na kuɗin Gana ya fita daga aljihunka, ko ga kamfani na biyun ne, ka nemi a nuna maka lasisin Hukumar Yawon Buɗe Ido ta Gana, ka san inda ofishinsu yake, kuma ka sa a rubuta maka ko kuɗin shiga na baƙo da abinci suna ciki, da adadin mutanen da za a ɗauka, da lokacin tashi da na juyowa. Ka tambayi minti nawa za a yi a kowane wuri, domin wannan tambayar ce take bambanta mai gaskiya da mai cika baki. Kada ka biya duka tun kafin ka ga mota, kuma ka karɓi rasit. Ka sani kuma cewa a cikin sansanonin ma'aikatan Hukumar Gidajen Tarihi ne suke zagayawa da baƙi, saboda haka duk wanda ya tare ka a waje ya ce shi ne zai shigar da kai, ka ba shi haƙuri ka nufi wurin sayar da tikiti. Akwai ma samarin da suke tsayawa a bakin ƙofa, su gaishe ka da fara'a, su tambayi sunanka da garinku. Idan ka fito za ka tarar an rubuta sunan naka da tawada a jikin ɓawon katantanwar teku, an miƙo maka wai kyauta ce, a ɗaya hannun kuma ga takardar neman taimakon ƙungiyar ƙwallo. Ba laifi ba ne ka ba su abin da ka yi niyya, amma kada kunya ta sa ka biya abin da ba ka nema ba.

Abin da kuɗinka ya kamata ya saya shi ne lokaci a cikin waɗannan gine-gine biyu, inda ake tsare bayi a da kafin a tsallaka da su teku. Turawan Fotugal ne suka gina na Elmina a 1482, na Holan suka ƙwace shi a 1637, sannan ya koma hannun Ingila a 1872, kuma a ciki aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya bayan an kama shi a 1896. Za a tsayar da kai a tsakar gidan kurkukun mata, a nuna maka barandar gwamna da ke kallon wurin daga sama, da matakalar da take haɗa su, da ɗakin da aka yi wa alamar ƙoƙon kai a saman ƙofa. Na Cape Coast kuwa Turawan Suwidin ne suka fara shi a 1653, Ingila ta karɓe a 1664, garin kuma ya kasance hedikwatar mulkinta a yankin har 1877 lokacin da aka mayar da ita Akra. A can ɗan jagora yakan kashe fitila na ɗan lokaci a kurkukun maza domin a ga ƙanƙantar hasken da yake shigowa, sannan ya gaya muku cewa a saman kanku ɗakin ibadar Turawan yake. Wasu daga cikin waɗanda aka tsare a nan daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwanni irin su Salaga wadda fatakenmu na goro suka sani sarai, aka bi da su ta Assin Manso kafin a iso teku. Wannan ba labarin da za a saurara ana duba agogo ba ne.

Wani matashi daga Kumasi ya ce wani mai talla ya nuna masa wata tsatsattsiyar sarƙa da wasu duwatsun wuya, ya rantse cewa na zamanin cinikin bayi ne, yana tambaya ko ya saya domin su yi daraja nan gaba.

Samari, ba na jin wannan tambaya tana bukatar dogon nazari. Ƙarfen da aka bari a iskar teku wata biyu ma tsatsa yake yi, kuma da kayan na gaske ne da suna cikin gilashi a ɗakin tarihi, ba a cikin leda a bakin titi ba. Idan jabu ne ka yi asarar kuɗinka, idan kuma na gaske ne ka sayi rigima, domin doka ba ta yarda a fitar da kayan tarihi daga Gana ba tare da izinin hukuma ba. In tsaraba kake so, ka sayi dokunun Fante, wato tuwon masara da ake naɗewa a ganye, a Yamoransa a hanyarka ta komawa.

Wata Hajiya daga Tamale ta rubuto cikin damuwa cewa 'yarta ta nace sai Jami'ar Cape Coast, ita kuma ba ta taɓa zuwa kudu ba, tana tsoron teku da abinci da batun addini, tana tambaya ko ta biya irin wannan tafiya domin ta ga wurin da idonta.

Hajiya, damuwarki a kan hanya take, kuma zuwa ki gani shi ne daidai, sai dai ba da motar 'yan yawon buɗe ido ba, domin su ba za su tsaya miki a inda kike bukata ba. Ki ɗauki 'yar taki ku je a ranar aiki, lokacin da ake karatu, ku kwana ɗaya. An kafa jami'ar a 1962 domin horar da malaman makaranta, ta zama cikakkiyar jami'a a 1971, kuma garin kansa tsohon garin ilimi ne, a nan makarantar Mfantsipim take tun 1876, wadda Kofi Annan ya yi karatu a cikinta. Harabar tana da faɗi, akwai tsohon matsuguni da sabo, kuma ɗalibai da yawa suna kama ɗaki ne a unguwannin da ke kewaye kamar Amamoma da Apewosika da Kwaprow. Waɗannan ɗakuna su ne ya kamata ki leƙa, ki duba ruwa da makulli da nisan tafiya da dare, ki ji kuɗin haya daga bakin ɗaliban da suke ciki. Ki nemi shugabannin ƙungiyar ɗalibai Musulmi, su ne za su nuna miki inda ake salla da inda ake sayen abinci da kwanciyar hankali, kuma a wajen kasuwar Kotokuraba akwai zango inda za ki ji Hausa. Gargaɗina gare ki guda biyu ne. Kada ki ba wa kowa kuɗi da sunan zai samo mata gurbi, ki nufi ofishin ɗaukar ɗalibai da kanki. Sannan ki ja mata kunne a kan shiga ruwa, domin igiyar tekun wannan yanki tana ja da ƙarfi ko ga wanda ya iya iyo. Allah Ya yi mata albarka, Ya sa a gama lafiya.

Wani bawan Allah yana son ya kai mahaifinsa mai ciwon gwiwa Kakum domin ya hau gadar igiya ya ga giwaye.

Malam, niyyarka mai kyau ce, amma ka bar Baba a ƙasa. Kafin a kai gadar sai an hau tudu mai matakalar duwatsu, gadojin kuma guda bakwai ne a jere, siraran katakai ne masu lilo a tsayin da ya kai mita 30 ko fiye. Giwayen suna cikin dajin da gaske, amma mai zuwa da rana tsaka cikin hayaniyar 'yan makaranta ba ya ganinsu. Ko a sansanonin ma akwai matakalai masu tsayi, kurkukun kuma yana da zafi da ƙarancin iska, saboda haka ka zaɓi guda ɗaya, ka ɗauki mota ta kanku wadda za ta tsaya duk lokacin da ya bukata, ka riƙe masa ruwa da takalmi mai kama ƙasa.

Wasiƙa ta ƙarshe daga wasu ɗalibai uku ce da ke unguwar Madina ta Akra, suna tambaya ko dole ne sai da kamfani, da kuma ranar da ta fi dacewa.

Ba dole ba ne ko kaɗan. Ku je tashar Kaneshie da asuba ku hau motar Cape Coast, daga can tasi zai kai ku Elmina, tafiyar da ba ta wuce kilomita 13 ba, kuma ku riƙe katin makaranta domin akwai rangwamen ɗalibai a ƙofa. Idan kuna son ganin kwale-kwale suna shigowa da kifi ta bakin tafkin Benya, kada ku zaɓi Talata, domin masuntan yankin ba sa fita teku a ranar. Ku kauce wa tsakiyar damina a Mayu da Yuni, haka kuma Asabar ta farko a Satumba, ranar bikin Fetu Afahye, lokacin da gari yake cika har mota ba ta motsi, sai fa idan bikin kuka je gani, wanda a wannan hali sai ku nemi masauki tun da wuri. Ku baro Cape Coast kafin ƙarfe huɗu na yamma, domin hanyar ba ta da daɗin bi da dare.