Wanda ya duba mini baya a Ingila ba shi da rajista: za a ɗaure shi?

Tambaya: A Birmingham nake zaune. Na biya wani mutum fam 600 ya duba mini ciwon baya, katinsa kuma ya ce shi ostiyofat ne (mai maganin ciwon baya da gaɓoɓi ta hanyar dannawa da hannu). Daga baya na nemi sunansa a rajistar masu wannan sana'a, babu. Ina so a ɗaure shi, a dawo mini da kuɗina.

Amsa: Hajiya, Allah Ya ƙara sauƙi. Ban ga katin ba, ban ga rasit ba, ban kuma ji ta bakinsa ba, saboda haka bisa abin da kika rubuto kawai zan yi magana.

Maganar ɗauri ki sassauta ta tukuna. Dokar masu wannan sana'a ta 1993, sashe na 32, amfani da sunan ne ta hana. Laifi ne mutum ya kira kansa ostiyofat, ko a fili ko a fakaice, alhali ba ya cikin rajistar GOsC, hukumar da ke kula da masu sana'ar. Danna baya da murɗa gaɓoɓi kuwa, mai tausa ma yana yi, dokar ba ta hana shi ba. Hukuncin kuma tara ce, babu gidan yari a ciki. Tun 2015 tarar ba ta da iyaka a Ingila da Wales, amma baitulmalin gwamnati take shiga, ba hannunki ba. Alƙali yana iya ba da umarnin biyan diyya, sai dai ba zan ce ki dogara da wannan ba.

Inda ɗauri zai iya shigowa shi ne dokar zamba ta 2006, wadda hukuncinta kan kai shekara 10. A nan sai an tabbatar da cewa ya san ƙarya yake yi, kuma don ya ci kuɗi ya yi ta. Mai yiwuwa hakan ne. Mai yiwuwa kuma lauyansa ya ce rajistarsa ce ta ƙare, ko wata ƙasa ya yi karatu bai san ƙa'idar nan ba. Ni ban ga uzuri ba ga mutumin da zai buga kati ya karɓi kuɗin marar lafiya bai tsaya ya yi rajista ba, amma gurfanar da shi kan zamba shawarar 'yan sanda ce da masu gabatar da ƙara, ba taki ba, kuma ba kowane ƙorafi na fam 600 suke bi ba.

Ki sake duba rajistar da cikakken sunansa, ki ɗauki hoton katin da tallarsa, ki kai ƙorafi wa GOsC. Galibi da wasiƙar gargaɗi suke farawa, in ya yi kunnen ƙashi su kai shi kotu.

Kuɗinki hanyarsu daban. Ki rubuta masa wasiƙa, ki faɗi abin da kika biya da ranakun, ki ba shi kwana 14. Kada ki rubuta cewa in ya biya za ki yi shiru, wannan zai iya juyowa kanki. Haka nan ki daure kada ki sa hotonsa a Facebook. In ya ƙi, akwai kotun ƙananan ƙararraki mai sauraron abin da bai wuce fam 10,000 ba, a can ma sai an fara haɗa ku da mai sulhu ta waya, kyauta. In ya yi tayin biya a wannan matakin, a ganina ki karɓa, domin cin shari'a daban, karɓo kuɗi daga hannun wanda ya ce ba shi da su daban.

Ba ki ce ko ciwon ya ƙaru bayan ya taɓa ki ba. In ya ƙaru, ki ga likita a rubuta, ki nemi lauya kafin ki sa hannu a kowace takardar sulhu. Wa'adin ƙarar rauni galibi shekara 3 ne, kuma wanda ba shi da rajista zai yi wuya a same shi da inshorar da za ta biya ki.